Bitar GBIF: Rumbun Bayanan Halittun Duniya da Tsarin da Ake Tafiyar da Shi

Duk mai binciken da ke son sanin wuraren da aka taɓa samun wani nau'in sauro, ko wata bishiya, ko wani kifi, da kuma shekarun da aka same shi, a yau kusan wuri ɗaya yake fara nufa, wato shafin GBIF (Global Biodiversity Information Facility) na intanet, wanda ke tattara bayanan halittun duniya. Zai rubuta sunan halittar na kimiyya a gurbin bincike, kafin ya ɗauke hannu taswirar duniya ta bayyana da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo yana nuna cewa wani mutum, a wata rana, ya ga halittar nan ko ya ɗauki samfurinta a wannan wuri. Ba a biyan ko sisi, kuma ba a tambayar mai nema daga wace jami'a ya fito. Wannan sauƙin ne ya sa mutane da yawa ke ɗaukar GBIF a matsayin wani katafaren kamfani mai rumbun bayanai, alhali ba haka abin yake ba. Haɗaka ce ta ƙasashe da cibiyoyin bincike, kuma ra'ayina bayan nazarin hidimar shi ne, ba za a iya auna ingancin abin da ake saukewa daga shafin ba sai an fahimci yadda aka kafa haɗakar da yadda ake mulkinta, domin alherinta da rauninta duk daga can suka samo asali.

Tushen abin yana komawa ga wani kwamitin masana na OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba ta ƙasashe, wanda a shekarar 1999 ya ba da shawarar cewa duniya na buƙatar hanya guda da za ta haɗa bayanan halittu da ke warwatse a gidajen adana samfurori, da ɗakunan busassun tsirrai, da jami'o'i. Ministocin kimiyya suka amince, aka kafa GBIF a 2001, aka kuma zaɓi birnin Kopanhagen na ƙasar Denmak ya zama mazaunin sakatariyarta, a inuwar jami'ar birnin da gidan tarihin halittu na ƙasar. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tsayawa kan kafuwarta, masanin ƙwari Ebbe Nielsen, ya rasu a wannan shekarar ta 2001, kuma har yanzu akwai gasar da haɗakar ke shiryawa da sunansa.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne irin takardar da aka gina haɗakar a kanta. Masu kafawar ba su nemi yarjejeniyar ƙasa da ƙasa irin wadda sai majalisun dokoki sun amince da ita ba, kamar Yarjejeniyar Kare Rabe-raben Halittu da aka buɗe sa hannu a kanta a birnin Riyo na Birazil a 1992. Sun zaɓi takardar fahimtar juna wadda ba ta ɗaure kowa a gaban shari'a, ƙasa ta sa hannu da son ranta, ta kuma iya janyewa idan ta ga dama. Wanda ya san yadda tattaunawar diflomasiyya ke cin shekaru kafin a daidaita a kan jimla ɗaya zai gane hikimar wannan zaɓi, domin da an jira yarjejeniya mai ƙarfin doka, da wuya a ce aikin ya fara a lokacin da ya fara. Sai dai takardar da ba ta tilasta wa kowa komai ba za ta iya tilasta wa ƙasa ta fitar da bayananta, ko ta ci gaba da ɗaukar nauyin ofishinta ba, kuma za mu ga inda wannan ke bayyana a fuskar taswira.

Mambobin kashi uku ne. Akwai ƙasashe masu ƙuri'a, waɗanda ke biyan gudummawar shekara-shekara da ake lissafawa bisa girman tattalin arzikin kowace ƙasa, kuma daga wannan kuɗin ne ake tafiyar da sakatariya da na'urorin da ke riƙe da shafin. Akwai ƙasashen da suka shiga amma ba su fara biya ba, waɗanda ke halartar taro su faɗi ra'ayinsu ba tare da jefa ƙuri'a ba, kuma an ba su wa'adin shekara biyar a wannan matsayi. Sannan akwai ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da cibiyoyin kimiyya, su ma babu ƙuri'a. Idan aka haɗa duka, mambobin sun haura 100. Majalisar gudanarwa, wadda ita ce ke da ta cewa ta ƙarshe, tana zama sau ɗaya a shekara, kuma kowace ƙasa mai biya ƙuri'a ɗaya take da ita, ko gudummawarta ta yi yawa ko ta yi kaɗan. A ƙarƙashinta akwai kwamitin zartarwa, da na kimiyya, da na kasafin kuɗi, da kuma na shugabannin cibiyoyin ƙasashe.

Wannan tsari na ƙuri'a yana da fuska biyu, kuma ban ga amfanin ɓoye ɗaya don a yabi ɗaya ba. Daidaita ƙuri'ar ƙaramar ƙasa da ta babba adalci ne da ba kasafai ake samunsa ba a hukumomin da ke rayuwa da kuɗin mambobi. Amma sharaɗin biya kafin ƙuri'a yana nufin ƙasar da ke da dazuzzuka masu ɗimbin halittu, wadda ma'aikatar muhallinta ke fama da ƙarancin kasafi, na iya zama a zauren taro tana kallo ana yanke shawara a kan bayanan da yawancinsu daga irin ƙasarta ya kamata su fito. Ba na ganin mugun nufi a nan, tunda dole wani ya biya kuɗin wuta da albashin ma'aikata, kuma lissafin gudummawa bisa arziki ya sassauta wa masu ƙaramin ƙarfi. Duk da haka, wanda zai kafa irin wannan haɗaka a wani fanni, ko na ingancin iska ko na ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya kamata ya tsaya ya yi dogon tunani a wannan gaɓa kafin ya kwaikwaya.

Ginshiƙin aikin na yau da kullum ba a Kopanhagen yake ba. Sakatariyar ƙarama ce idan aka kwatanta da girman abin da take riƙe da shi, ma'aikatanta ba su kai ɗari ba. Kowace ƙasa mamba ita ke naɗa cibiyarta ta ƙasa, wadda aikinta shi ne ta zaga jami'o'i da gidajen adana samfurori da hukumomin gandun daji, ta shawo kansu su buɗe kundayensu, ta horar da ma'aikatansu, ta kuma tabbatar wa haɗakar cewa wannan cibiya da ke neman wallafa bayanai ta gaskiya ce. Ba a karɓar sabon mai wallafawa sai an tsaya masa. An kasa cibiyoyin zuwa shiyyoyi shida na duniya, kowace shiyya tana da wakilcinta. Inda gwamnati ta ɗauki abin da muhimmanci, sakamakon a bayyane yake: cibiyar Ostireliya ta gina shafinta na ƙasa mai suna Atlas of Living Australia, wanda manhajarsa wasu ƙasashe suka ara suka gina nasu, haka kuma cibiyar SANBI ta Afirka ta Kudu da ta SiB ta Kolombiya sun yi suna wajen fitar da bayanan ƙasashensu. Inda kuwa aka ɗora aikin a kan jami'i guda da ke da wasu ayyukan a gabansa, ba tare da kasafi ba, sai ka tarar ƙasa tana cikin jerin mambobi amma taswirarta fayau.

Daga nan ne za a fahimci abu mafi muhimmanci game da hidimar, wanda kuma masu amfani da ita suka fi mantawa da shi. GBIF ba ta mallaki bayanan da ke shafinta ba. Cibiyoyi sama da 2,000 ne ke wallafa kundayensu, kowace tana riƙe da nata, ita kuwa haɗakar tana zagawa ta kwaso, ta daidaita, ta jera a wuri guda. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ƙa'idar rubutu da ake kira Darwin Core, wadda aka tabbatar da ita a 2009, wadda ta tsara sunayen gurabe iri ɗaya ga kowa: gurbin sunan halitta, gurbin ranar da aka same ta, gurbin wuri da lambobinsa na taswira, gurbin wanda ya ɗauka, da gurbin wanda ya tantance sunan. Akwai kuma manhaja ta kyauta mai suna IPT da cibiya za ta yi amfani da ita ta mayar da jadawalinta zuwa wannan ƙa'ida. Aiki ne marar armashi, babu wanda zai burge jama'a da labarin daidaita sunayen gurabe, amma shi ne ya sa takardar da wani masanin tsirrai ya manna a jikin busasshen ganye a ƙarni na 19 za ta iya zama a jadawali ɗaya da hoton da wani ya ɗauka da wayarsa a makon jiya.

Barin mallaka a hannun masu wallafawa shi ne ya sayo wa haɗakar amana. Gidan adana samfurori da ya shafe fiye da shekara ɗari yana tara kayansa ba zai miƙa su ga wata hukuma ta waje ba, amma zai yarda a nuna su da sunansa a kai. A nan ne kuma na fi yaba wa GBIF. Duk lokacin da mutum ya sauke bayanai, bayan ya buɗe asusu na kyauta, ana ba wa abin da ya sauke lambar shaida ta dindindin da ake kira DOI, wadda ke riƙe da tarihin irin tacewar da ya yi da kuma jerin kundayen da suka ba da gudummawa. Idan ya ambaci lambar a maƙalarsa, wani mai bincike zai iya komawa ga ainihin bayanan ya sake gwada lissafin, kuma ƙaramin ɗakin busassun tsirrai da ke wata jami'a zai iya nuna wa shugabanninsa yawan maƙalun da suka amfana da aikinsa. Ga ma'aikacin da ake tambayarsa kullum amfanin ajiye tsofaffin ganyaye a cikin akwatuna, wannan hujja ce da a da ba shi da ita. Tun daga 2016 kuma an wajabta wa kowane kundi ya ɗauki ɗaya daga cikin lasisi uku na Creative Commons: wanda ya saki bayanan gaba ɗaya, wanda ya nemi a ambaci mai su, da wanda ya ƙara sharaɗin kada a yi kasuwanci da su. Kafin wannan mataki kowace cibiya na rubuta sharuɗɗanta yadda ta ga dama, har mai son bin ƙa'ida ya rasa inda zai kama.

Shafin kansa yana da sauƙin sarrafawa. Ana iya tacewa da ƙasa, da shekara, da nau'in shaida, wato ko samfuri ne da ke ajiye ko gani da ido, ana iya zana iyaka a taswira, kuma ana samun fuskar shafin a harsuna da dama, ciki har da Ingilishi, Faransanci, Larabci, Sifaniyanci, Rashanci da Sinanci. Masu aiki da manhajar lissafi ta R suna da kayan aiki mai suna rgbif da ke jawo bayanan kai tsaye.

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki yawan bayanai a matsayin cikarsu. A watan Yulin 2018 adadin bayanan samuwa ya kai biliyan 1, kuma tun daga lokacin ya ninka har ya wuce. Lamba ce mai ban mamaki, amma fiye da rabinta na tsuntsaye ne, kuma kundi mafi girma a rumbun shi ne na eBird, wanda sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke Amurka ke gudanarwa, inda masu sha'awar kallon tsuntsaye ke shigar da abin da suka gani. Nau'o'in tsuntsayen duniya kusan 11,000 ne kacal, alhali ƙwarin da aka riga aka raɗa wa suna sun kai kimanin miliyan 1, ban da waɗanda ba a kai gare su ba. Ga tsutsotsin cikin ƙasa, da funfuna, da ƙananan halittun ruwa, waɗanda su ne ke riƙe da lafiyar ƙasar noma da tafkuna, rabonsu a rumbun bai taka kara ya karya ba. Ba laifin masu kallon tsuntsaye ba ne, su sun yi nasu, sai dai haɗakar da ke karɓar abin da aka kawo mata bisa son rai ba ta da ikon cewa a dakata da wannan a kawo wancan.

Haka abin yake ta fuskar wuri. Arewacin Amurka, da yammacin Turai, da Ostireliya sun cika maƙil da ɗigo, yayin da manyan yankuna na Afirka, da tsakiyar Asiya, da dazuzzukan da ke kusa da ikwaita, inda halittu suka fi yawa da bambanta, suke da faɗin wuri babu ɗigo ko ɗaya. Ko a cikin ƙasa guda, ɗigon yana bin hanyar mota, da gefen birane, da wuraren shaƙatawa na namun daji. Saboda haka taswirar tana nuna inda masu lura suka taka ne fiye da inda halittar take, kuma rashin ɗigo ba ya nufin rashin halitta. Ɗalibin da ya zuba irin waɗannan bayanai cikin manhajar hasashen mazaunin halittu ba tare da gyara wannan karkata ba, zai fito da kyakkyawar taswira mai launi wadda a zahiri taswirar tituna ce. Akwai kuma wani abu da tarihi ya bari: yawancin tsofaffin samfurorin ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka suna ajiye ne a wurare irin su lambun Kew da ke Landan, da gidan tarihin halittu na Faris, da Naturalis na Holan, da gidan tarihin Tervuren na Beljiyam. A nan GBIF ta yi abin kirki, domin idan waɗannan gidaje suka wallafa kundayensu, mai binciken da ke ƙasar da aka ɗebo samfurin zai ga bayaninsa, wani lokaci har da hotonsa, ba tare da neman biza ba. Bayani ne ya dawo, samfurin yana can inda yake, amma ko wannan ci gaba ne.

Shugabannin haɗakar ba su rufe ido ga wannan giɓi ba. Shirin BID, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2015, ya ba da tallafi da horo ga cibiyoyi a Afirka kudu da Sahara, da yankin Karibiyan, da tsibiran Fasifik, sannan an samar da asusun BIFA na yankin Asiya da ma'aikatar muhalli ta Japan ta tallafa wa. Na ɗauki waɗannan shirye-shirye a matsayin shaida cewa majalisar gudanarwa ta san inda ciwon yake. Abin da ke damuna kawai shi ne, kuɗin gyara mafi girman raunin haɗakar yana zuwa ne daga tallafi mai wa'adi, ba daga kasafinta na dindindin ba, kuma idan wa'adin ya ƙare, ci gaban aikin ya koma ga ko gwamnatin ƙasar za ta ɗauki albashin waɗanda aka horar.

Sai batun kurakurai, wanda shi ma kai tsaye daga tsarin mallaka ya fito. A rumbun da ya tattara rubutun dubban hannaye na tsawon ƙarnoni, dole a samu samfurin da aka raɗa wa sunan da ba nasa ba, da wanda aka ba lambobin tsakiyar ƙasa saboda takardarsa sunan ƙasar kawai ta ambata, da wanda aka ba lambobin gidan da ake ajiye shi maimakon dajin da aka samo shi. Akwai ma sanannen kuskuren da ke faruwa idan aka cike gurbin lambobin taswira da sifili, sai dabbar tudu ta bayyana a tsakiyar ruwa a mashigin tekun Gini, inda layin ikwaita ya haɗu da layin Girinwic. Na'urorin GBIF suna gano da yawa daga cikin irin waɗannan, su liƙa musu alamar gargaɗi, misali idan lambobin wuri ba su dace da ƙasar da aka rubuta ba, kuma mai saukewa na iya tace su. Amma haɗakar ba ta shiga kundin wani ta gyara masa. Sai dai a sanar da mai wallafawa, shi ya gyara a wajensa, gyaran ya biyo a zagaye na gaba. Idan cibiyar tana da ma'aikaci mai kula, abin ya yi daidai, idan kuwa kundin na wani aiki ne da ya daɗe da ƙarewa, kuskuren na iya zama a wurin har abada. Wasu na kiran wannan sakaci. Ni ina ganin farashin amana ne, domin ranar da sakatariya ta fara sauya bayanan mutane ba da saninsu ba, ranar ce gidajen adana samfurori za su fara janye kundayensu. Abin da ya rage shi ne mai amfani ya san cewa tacewa aikinsa ce, kuma sau da yawa ta fi nazarin kansa cin lokaci.

Wannan 'yanci na mai wallafawa yana da amfani a wani ɓangaren, domin shi ne ke ba cibiya damar dusashe ainihin wurin da aka samu halittar da mafarauta ko masu fataucin tsirrai ke nema, ta ba da yanki mai faɗi maimakon takamaiman wuri. Buɗe bayanai ga kowa yana nufin buɗe su har ga mai mugun nufi, kuma wanda ya fi sanin haɗarin shi ne wanda ke kusa da dajin.

Ga wanda ke tambaya ko hidimar ta cancanci dogaro, amsata ta danganta da abin da yake nema. Mai son jerin farko na nau'o'in da aka taɓa samu a wani yanki, ko mai bin sawun baƙuwar ciyawa da ke mamaye sabbin wurare, ko mai nazarin yaɗuwar ƙwarin da ke ɗauke da cuta, ko mai neman dangin amfanin gona da ke tsirowa a daji, ba zai sami abin da ya kai GBIF faɗi ba, kuma hukumomi irin su IPBES, dandalin ƙasashe na masana rabe-raben halittu da aka kafa a 2012 yake da mazauni a birnin Bon na Jamus, suna buƙatar irin waɗannan bayanai wajen rahotanninsu. Tsarin kare halittu da ƙasashe suka amince da shi a birnin Mantiriyal na Kanada a watan Disambar 2022 ma ya ware manufa ta 21 ga samar da bayanai ga masu yanke shawara. Wanda kuwa ke son sanin ko yawan wata halitta yana raguwa ko yana ƙaruwa, sai ya nemi kundayen da aka tara bisa tsararren ƙidaya, waɗanda ke bayyana hanyar da aka bi da ƙoƙarin da aka sa, domin GBIF na karɓar irinsu, amma ba su ne suka fi yawa ba. Jami'in gwamnati da zai yanke hukunci a kan wani fili bisa taswirar shafin kaɗai, ba tare da tura masana su taka wurin ba, ya ɗora wa hidimar nauyin da masu ita ba su taɓa cewa za ta ɗauka ba. Kafin ya amince da ɗigon da ke gabansa, ya latsa shi ya ga wace cibiya ce ta wallafa, a wace shekara aka ɗauki samfurin, wa ya tantance sunan, da kuma ko akwai alamar gargaɗi a jikinsa.